Inna Ta Zaɓi Gidana, Ni Kuwa 'Yar Fari Ce

Hajiya Lalla, don Allah ki agaza mini, murna ta cika ni, tsoro kuma ya hana ni sakat!

Innata za ta dawo wurina nan Dakoro! Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ta a Azagor, ƙafar hagu ba ta ɗaukarta. Ƙannena kowa ya so ta zauna gidansa, sai ta aiko ƙanena Hama cewa gidan waccan take so. Waccan ɗin fa ni ce! 'Yar fari ce ni, kaka ta raine ni, tunda nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Wallahi guɗa na rangaɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Na yi wa ɗaki sabon daɓe, na sayo katifa, maigidana sai dariya yake mini.

To amma na san halinta. Ko ƙishirwa za ta kashe ta ba za ta ce in ba ta ruwa ba, balle wanka ko rakiya bayi. Ga shi da safe ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Hama ya ce in ta rame a hannuna zai mai da ita Azagor. In bar aikin ne? Ko in roƙe ta ta aje kunyar nan?

'Yar Fari, Dakoro

'Yata, barka da arziki! Kada ki bar aiki, kada kuma ki yi faɗa da kunyar da ta girme ki. Hama ma yana da gaskiya, tsohuwa mai kawaici takan rame ba a sani ba.

Nemo dattijuwa a unguwarku, sa'ar Inna, wadda Inna za ta iya buɗe wa baki. Ke da dattijuwar ku yi magana a fili kan wanka, rakiya bayi, zaman safe da abin da za ki riƙa ba ta. Ki tambayi likita irin motsa jikin da ya dace. Sauran kuma ki sa ɗaki ya yi aikin: randa, buta da ƙwaryar fura inda hannun dama zai kai, sanda a gefen gado. Wadda ba ta iya roƙo, kusa ake aje mata.

Sunanki kuwa, daina jira. Duk cikin 'ya'yanta ƙofarki ta nuna, ai ta riga ta kira ki. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ki ladan riƙo.

Hajiya Lalla