Bindiga a Ɗakin Baba, Albarushi a Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana Alhaji Ɗantala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ba Inna sauƙin ƙafar nan, ya ja da ranta. Mu nan Greensboro ta Amurka sai godiya. Hanifa ta koma makaranta, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci, na gaji da faɗa. Ɗana Rilwanu yana nan da gyaran motocinsa a titin Gate City, lokaci-lokaci kuma ya sa kaki ya tafi atisayen dakarun jiha.

Yaya, na ɗauki biro ne don na san halinka, in a waya ne ina farawa za ka ce layi ba kyau. Na ji kai ne ka kai ƙuduri gaban majalisarku, cewa bindigogin da gwamna zai raba wa sababbin askarawan jiha kada su fita sai majalisa ta san inda za su da wanda zai riƙe su. Na kuma ji an turo maka manya har gida, wai ka janye ko ka manta da takara a zaɓe mai zuwa, kai kuma ka ce za ka yi shawara. Shawarar me kuma, Yaya? Wallahi raina ya ɓaci.

Na tambayi Rilwanu yadda suke yi a nan. Ya ce gwamna ne ke kiransu in an yi ambaliya ko wani tashin hankali, amma doka da kuɗin aikin daga majalisa suke fitowa, kuma bindigar aiki ba ta kwana a gidan kowa. Na yi dariya na ce ai kakansa ya riga su. Ka tuna Baba, duk garin ba maharbi kamarsa, ba kuma mai saurin fushi kamarsa. Shi da kansa ya bar bindiga a ɗakinsa, ya kai albarushi ɗakin Inna cikin tukunya. In zai fita sai ya tsaya bakin ƙofa ya faɗa mata dajin da za shi. Ranar da shanu suka cinye masa gero, Inna ta ce ta manta inda ta sa tukunyar. Ya yi ta bambami har la'asar, washegari shi da makiyayin suka daidaita a gaban mai gari. Ba wanda ya ce Inna ta raina miji, kai ma ba raina gwamna ka yi ba.

Na san ɓarayin daji sun addabi mutanenmu, kuma ba ni ke kwana a can ba. Ban ce a hana askarawa makami ba. A ba su, amma a samu mai tambaya, rigakafi ya fi magani. Gwamnan yau kana ganin kirkinsa, to na gobe fa, wa ya san shi?

Akwai maganar da matarka Anti Hafiza ta roƙe ni in faɗa maka, don ita ta kasa. Abubakar Sadiq ɗinka ya shiga askarawan, har an auna masa kaki, yana jiran ya ga fuskarka a sake ya gaya maka. Ka san yaron, zuciyarsa a kusa take. Duk abin da kuka yanke a zauren nan, a kafaɗarsa za a rataya shi. Kujera in ta tafi ta tafi, mun san ka da mutuncinka tun ba ka hau ta ba, kuma ni ban da shakka ba za ka janye ba.

Ka gaishe min da Inna da Anti Hafiza da Baba Ƙarami. Rilwanu da Hanifa suna gaishe ka. Abubakar Sadiq kuma don Allah kada ka yi masa faɗa. Ka zaunar da shi gabanka ka dube shi da kyau kafin ranar ƙuri'a a majalisa.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Larai