Goshin Motar Tsere

Dogon Dutsi, 9 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Dauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna A'i. Mun ji ruwa ya sauka sosai wajen Dogon Kiriya, Allah ya sa wa gona albarka.

Kawu, tun da kunnuwanka suka daina ji, waya ba ta da amfani tsakaninmu, ni kuma shekara shida ke nan ina cewa gobe zan rubuto. Yau dai ga ta, na ba Abdussalamu direba ya kawo maka.

Abdulwahid mai sayo motoci daga Kwatano ya tarar da wani akwatin katako cikin kayan kwantenarsa. Da muka buɗe, sai ga mota wadda ba a haɗa ba: ƙashin bututun ƙarfe, ƙafafu, kujeru biyu, gangar jiki shuɗiya, da littafin Faransanci mai zane-zane. Ba ta hawa hanya ba ce, ta tsere ce. Ya ce ba mai sayenta, in ɗauka. Wata takwas na yi ina haɗa ta a bayan garejinka, don har yau haka mutane ke kiran wurin. Na sa mata injin wata ƙaramar mota da ta yi hatsari.

Mu makanikan gari mun share wani fako arewa da Dutsin, mun zagaye shi da tsofaffin tayoyi, mun yi pisti, wato filin tseren mota. Bayan girbi za mu yi tsere a kai.

Ga matsalar. Jikin nan guda ne tun daga hanci har wutsiya. Lagireto na yin zafi, in zan kai gare shi sai na kwance noti talatin, mutum huɗu su ɗaga jikin gaba ɗaya. Ranar tsere ba wanda zai jira ni. Ina so in yanke goshin, ya zama ana cire shi ana mayarwa. Amma ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai zare-zare da suke kira fibir, kuma babu na biyunsa a duk Arewa. Sau uku ina ɗaukar zarto ina ajiyewa. Kai ka koya min gyaran jikin mota. Ka gaya min inda zan yanka.

Ka huta lafiya. Ɗanka,
Nasiruddeen

*

Dogon Kiriya, 16 ga Agusta

Nasiru,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. A'i na gaishe ka, kai da matarka Amira. Hatsi ya hitar da kai, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarka sau biyu. Motar da ba ta ɗaukar buhu, ba ta kai mara lahiya likita, sai dai ta yi ta kewaya wuri guda kamar akuya ga turke, ni ban ga ranarta ba. Kuma ni manomi ne yanzu. Rabona da taɓa mota ka san shi.

Amma kar ka kusance ta da injin yanka, zai ci ya wuce inda kake so. Ka ɓallo min guntu daga inda ba a gani. Ka zana min ita ta gehe da ta sama, ka nuna inda bututun ya bi ta ƙarƙashi. Ba alkawari na yi ba, dubawa kawai zan yi.

Allah shi yi albarka.
Dauda

*

Dogon Dutsi, 24 ga Agusta

Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin ganin rubutunka, har yanzu yana karkata hagu kamar da. Ga guntun, daga ƙarƙashin kujera na yanko shi. Ga kuma zanen.

Ka ce ba ka ga ranarta ba. Ban san yadda zan amsa maka ba. Bayan azahar, in rana ta kori kowa daga gareji, nakan shiga in zauna cikinta a inuwar dogon yaro. Kujerar na ƙasa-ƙasa, har kana iya shafa yashi da hannu. Daga nan Dutsin ya fi tsawo, kaji ma sun zama manya. In na rufe ido sai fakon ya buɗe, ya wuce tayoyin, ya wuce Matankari, ya yi ta tafiya ba rami ba shanu. Jar ƙasa na malala ƙarƙashina kamar ruwa, gizagizai na bina a gefe, gonakin hatsi na sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Ba na zuwa ko'ina, kuma ba na son in isa. Amira ta ce rannan ta kawo min abinci ta tarar ina barci riƙe da sitiyari, sai ta koma da kwanon don kar ta tashe ni.

A ƙasa ɗingishi nake, Kawu, kowa na gane tafiyata tun daga nesa. A cikinta ba wanda zai gane. Ƙafar hagun ba ta iya taka kuloci, sai na mai da shi na hannu da mariƙin birkin babur. Sau ɗaya na gwada ta a pisti. Zagaye biyu, sai tururi ya rufe min ido. Har yau ban gama fitowa daga zagaye biyun nan ba.

Ina jiran amsarka. A gai da Inna.
Nasiruddeen

*

Dogon Kiriya, 6 ga Satumba

Nasiru,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah shi tsare ku.

Kwana huɗu ina juya guntun nan bakin gona. A'i ta amsa ta duba, ta ce ai wagga ƙwaryar Turawa ce. Gaskiyarta. Na yi mishi yadda take yi ma ƙoranta, kuma ya bi.

Ka ja layi taƙi guda gaban gilashi, daidai saman bututun da ka zana, don bakin biyu su samu wurin zama. Duk inda layin zai sha kwana, ka huda ƙaramin rami tukuna. Tsaga in ta iske rami tsayawa take. Ka cire ruwan zarto daga mariƙinshi, ka naɗe gindin da tsumma, ka yanka sannu-sannu. In ka gama ka bi bakin da ya rage jikin mota da ƙyallen alminiyam ta ciki, goshin ya riƙa hawa kai kamar marhin tukunya. Ta gaba ka yi waldar ƙusa biyu masu kauri jikin bututu, goshin ya zura cikinsu. Ta baya sakata huɗu, irin wadda ke hana ƙahwar amalanke hita. Shi ke nan abin da na sani.

Sauran maganar ta hi wannan nauyi. Ka ambaci ƙahwarka. Ranar da na yi baya da mota cikin gareji kana kwance bayanta, an ce min sau uku ka kira ni. Kowa ya ɗauka ƙarar inji ce ta hana ni ji. Ba haka ba ne. Na shekara guda kunnena na mutuwa ina ɓoyewa, ina duban leɓunan mutane, don kar a ce Dauda ya ƙare. Da na hwaɗi gaskiya da ba ka kwanta wurin nan ba. Shi ya sa na bar garin kana gadon asibiti, ban yi maka sallama ba. Ko uwarka, ƙanwata ciki guda, na kasa duban idonta.

Ka yi yankanka, hannunka ya isa. Kar ka ce in zo.

Dauda

*

Dogon Dutsi, 20 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa.

Mun sani, Kawu. Duk garejin mun sani. Ba ka lura na daina yi maka magana ta baya ba, sai na zagayo gabanka? In baƙo ya kawo mota, nakan maimaita abin da ya ce da ƙarfi kamar ni ne ban gane ba. Nauyinka muke ji, shi ya sa muka yi shiru. A ranar nan na san kana cikin motar, na san ba za ka ji ni ba, amma na kwanta in ɗauko sifana da ya faɗa ƙarƙashi, ban zo taga na nuna maka ba. Shekara shida ina zaton fushi ka yi da gangancina, wanda ya sa gari ya yi ta magana a kanka. Shi ya sa na kasa rubutowa sai da na samu abin tambaya.

Na ja layin, na huda ramukan yadda ka ce. Gefen dama ya yanku lafiya, garin fibir na zuba fari kamar tsaki. A kwanar hagu ruwan zarton ya karkace, tsaga ta fita tsawon yatsa ta nufi gilashi. Na huda rami a bakinta, ta tsaya. Ni ma na tsaya. Yanzu tana nan rabi a yanke, goshin bai ciruwa, ita kuma ba ta gudu. Na lulluɓe ta da tabarma, ko zama cikinta na daina.

Ka ce kar in ce ka zo, kuma ban ce ba. Abdussalamu dai yana tasowa daga Dogon Kiriya kowace Talata, na roƙe shi ya riƙa barin kujerar gaba.

Ɗanka har kullum,
Nasiruddeen

*

Dogon Dutsi, 2 ga Oktoba

A'i,

Sallama da gaisuwa. Na iso lahiya. Ƙanwata ta riƙe hannuna ta daɗe tana magana. Ban ji ko kalma ba, amma kuka take tana dariya.

Yini biyu muka gama yankan. Tsagar na ɗinke ta da waya ta ciki, irin ɗinkinki, muka bi da gam. Yanzu mutum guda na zare sakata huɗu ya ɗauke goshin shi kaɗai. Da aka tada injin a buɗe na ɗora tahin hannuna kanshi, na ji wani abu na sulɓewa. Aka duba, bel ne ya saki, shi ke sa ta zahi.

Jiya Nasiru ya kai ni hilin nasu, ya zaunar da ni kujerar gehe, shi ya ja motar. Babu ƙara ko kaɗan, sai rawar injin cikin ƙashin bayana. Ƙasa na wucewa shiru, Dutsin na juyawa sannu kamar mu yake kallo. Zagaye tara ba tururi. Sai ya tsaya, ya hito, ya zo inda zan ga bakinshi, ya ce, "Kawu, saura kai."

Ban shiga ba. Na dai tsaya ina duban kujerar direba har rana ta yi sanyi.

Ki ce ma ƙanenki Ma'azu su ci gaba da yankan hatsi ba da ni ba, zan kwana biyu. Ki buɗe adakata, ƙarƙashin rigar salla akwai permina, takardar izinin tuƙi, cikin leda. Ki ba Abdussalamu ran Talata.

Allah shi tsare min ke.
Dauda