Cajar Jirginka da Shinkafar Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayan Bilki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Haɗeja lafiya lau muke. Babanku yana gaishe ka, ƙanwarka Bilki ma haka.

Na san ba yanzu za ka ga wannan rubutu ba, tunda a sansanin da kuke koyon gyaran jiragen sama an karɓe muku wayoyi sai kun kammala horo. Na sa shi a shafina na intanet ne domin ranar da aka mayar maka da wayarka ka tarar da shi yana jiranka. Masu leƙawa su karanta kada su yi mamakin rashin ganin sunanka. Kai ɗan fari ne. A gidan da na tashi, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kallonsa ba ta cika yi idan akwai ido.

Labarin jirginka zan ba ka.

Ka tuna lokacin da kake ƙera ɗan ƙaramin jirgin saman nan mai rimot, kana yanka kumfar kwalin firji a tsakar gida, kana manna ta, kana yi mata fenti irin na shaho har da idanu a kan fukafukai. Maƙwabta suna wucewa suna cewa ƙato da gemu yana wasan yara. Ni ina bakin murhu ina tsintar shinkafa, na ba ka baya. Kana koya wa Bilki yadda ake riƙe rimot, kana yi mata bayanin batir da caja, ita kuwa tana hamma. Ba ka san kunnena yana wajenku ba. Duk abin da ka faɗa mata, da ni aka ji.

Ruwan bara bai raga mana ba. Kogi ya cika ya shanye shinkafar damina ta gonar Auyo, sannan ya biyo mu gari ya shiga ɗakinka. Jirgin yana rataye a sama, bai taɓa shi ba. Batiran nan uku suna cikin tukunyar ƙasa mai yashi da ka ɗora a kan kabad, su ma sun tsira. Caja ce ta kwana cikin laka a ƙarƙashin gado. Mun wanke ta, mun shanya, ba ta sake buɗe ido ba.

Daga nan duk fatanmu ya koma kan shinkafar rani. Ta yi kyau, yayan Bilki, ta yi kyau ƙwarai. Amma tana fitar da kai, ƙwaya na fara ruwan nono, sai tsuntsayen nan jan-baki suka iso. Ka san su. Su kwana cikin ciyawar kacalla, da safe su taso kamar hayaƙi, su sauka a gona su tsotse ta. Babanku ya ɗaura igiyoyi da gwangwanaye, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Idan ya kore su daga gabas sai su sauka a yamma. Bilki ta ce a sauko da jirgi, ita za ta tuƙa. To, amma da me za a yi wa batir caji?

Ka san halin babanku da batir. Tun ina amarya, in na rediyonsa ya yi sanyi, sai ya jera su a kan kwanon rufi rana ta gasa su, ya mayar, ya ci gaba da jin labarai. Bai gaya wa kowa ba ya ɗauki ɗaya daga cikin naka ya yi masa haka. Da rana ta take ya sauko da shi yana ƙuna, ya kai rumfar masu cajin waya, aka soka masa tsiraran wayoyi. Batir ya kumbura kamar fanke, ya fara huci, sai hayaƙi. Allah ya taimaka aka ture shi waje da sanda, babu wanda ya ji ciwo. Babanku ya dawo gida da hula a hannu, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “To, Innar Bilki, ashe wannan ba dangin na rediyo ba ne.”

Ban yi dariya ba a ranar. Batir biyu ne kacal suka rage mana. Na ɗauke tukunyar na kai ɗakina, na ce biyun da suka rage babu mai taɓa su sai an samo cajar da ta dace. Babanku ya ce wa zai san wadda ta dace, tunda mai ita ba ya nan. Na ce ni.

Na faɗa ne kawai, amma tsoro ya hana ni sakat. In na zaɓi wadda ba ita ba, na ƙona sauran, jan-baki su gama da gonar, mu shiga damina babu ko tiya a rumbu. Kai kuma ka dawo ka tarar jirginka ya zama kayan ado a bango.

Akwai wani mai sayar da kayan sola a bakin kasuwa, yana yo sari daga Kano. Bilki ta nuna masa hoton batir, ya ce zai sa a aiko masa da iri-iri mu zo mu duba. Ranar da suka iso na naɗe batir ɗaya a tsumma, na binne shi cikin yashi a kwanon samira, na rufe, muka tafi. Da muka shiga shagon ya dubi kwanon ya ce, “Hajiya, har da abinci kika taho mana?” Na ce ya buɗe ya ci.

Caja uku ya jera mana a kan tebur.

Ta farko babba ce mai nauyi, irin ta batirin babur. Ya ce wannan kafin in gama alwala ta cika shi. Na juya ta gaba da baya ina neman abu guda. Ka san batirinka kai biyu gare shi: babba mai ruwan ɗorawa, da ɗan ƙarami fari mai siraran wayoyi huɗu. Na tambaye shi ina ramin da farin zai shiga. Ya duba, ya ce babu. A nan maganarka ta dawo mini, wadda ka yi wa Bilki tana hamma: “Batirin nan fangali uku ne a ciki, kamar na shinkafa. Ruwa ɗaya ke shiga, amma dole kowanne ya sha daidai da ɗan'uwansa. In ɗaya ya cika ya wuce, sai ya fasa kunya. Farin kan nan shi ne mai ban ruwa, shi ke leƙa kowane fangali.” Na ture babbar gefe. Mai gaggawa ba tare da mai lura ba, ai ita ce ta cinye mana na farko.

Ta biyu 'yar ƙarama ce, tana da ramin farin kai, ya shiga daidai. Bilki ta ce, “Inna, shi ke nan, mu ɗauka mu tafi, tsuntsaye ba jiranmu suke ba.” Har na miƙa hannu. Sai na ga wayarta ta sokawa a wutar bango ce kawai. Na ce wa Bilki, wane bango ne a gonar Auyo? Batirin nan kafin shayi ya huce ya ƙare a sama. Tsuntsaye kuma safe da yamma suke zuwa. Za mu riƙa hawa kwalekwale da babur muna dawowa Haɗeja neman wuta, wutar da sai ta ga dama take zuwa? Ta turo baki, kamar yadda take yi tun tana goye.

Ta uku shuɗiya ce, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Tana da jerin ramuka na farin kai, manya da ƙanana, tana da mazaunin babban kai, tana kuma da 'yan maƙalai guda biyu, ja da baƙi, waɗanda ake damƙa wa batirin mota. Nan take na tuna tsohon batirin motar da kake cikawa da sola kana ɗaurawa a bayan babur. Yana nan, ruwa bai kai gare shi ba.

Amma ban yarda da idona ba tukuna. Na ciro tabarau. Kai ne ka riƙa raka ni ajin matan aure har na iya haɗa baƙi, ka tsaya nesa da ƙofa don kada a ce ga ɗan fari yana bin uwarsa. Turancin jikin kwalin ya fi ƙarfina, amma haruffa ba su fi ƙarfina ba. Na ɗora yatsa a kan sunan irin batirin da ke jikinsa, na bi kwalin layi-layi har na samo irinsa. Na nemo lamba uku ta fangali ukun, ita ma tana ciki. Na tambaya ko ana iya rage mata ƙarfi, domin na ji ka ce lambar jikin batir ita ke faɗin yawan wutar da zai iya sha, kuma ba a ɗura masa fiye da haka. Na tambaya ko tana tsayawa da kanta in ya cika. Mai shagon mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, “Gaskiya, Hajiya, ban taɓa sayar da irinta ba. Bari mu karanta takardarta tare da Bilki.” Suka karanta, suka ce tana yi, har tana da wurin da za a bar batir rabi-rabi in za a ajiye shi ya daɗe. Mai shagon ya ce a gwada a nan. Na dubi kwalayen da suka cika shagonsa na ce a'a, wutar da za ta tashi ta tashi a gidana.

Washegari da hantsi na share tsakar gida, a inuwar darbejiya, nesa da danga. Na sa batir cikin tukunyarka, Bilki ta damƙa maƙalan cajar a batirin mota ta saita lambar, na ajiye bokitin yashi kusa da ƙafata. Babanku ya tsaya can bakin zaure, ya ce shi daga nan ma yana gani sarai. Na yi bisimilla na danna.

Ban tashi daga wurin ba. Tuwon rana ma sai da ya makara. Lambobi uku suka fito a gilashin, ɗaya tana baya kaɗan. Ina kallo cajar ta riƙa jan ta a hankali har ta kamo 'yan'uwanta. Lokaci-lokaci ina taɓa batirin da bayan hannu, yadda nake taɓa goshinka in zazzaɓi ya kama ka, lokacin da babu kowa a ɗaki. Bai yi zafi ba. Can sai ta yi 'yar ƙara ta tsaya da kanta, lambobin nan uku sun zama iri ɗaya. Na ce alhamdulillahi.

Na bi Bilki da babanku gona. Rabona da shiga kwalekwale har na manta, na riƙe cajar a ƙirji cikin leda kamar jaririya. Muna isa jan-baki sun riga sun sauka. Bilki ta tsaya a kan kunya, babanku ya ɗaga jirgin sama da kansa ya wurga kamar yadda ya ga kana yi. Jirgin ya ɗan yi ƙasa har na rufe ido. Da na buɗe, ga shi can ya miƙe, farfela tana kuka, inuwar shaho tana bin kan shinkafa. Yayan Bilki, da ka ga yadda suka tashi! Gaba ɗaya, kamar an yaye baƙin mayafi daga kan gonar. Suka nufi kacalla, Bilki ta bi su har bakin ruwa sannan ta juyo.

Ba zan ce maka sun tafi ke nan ba. Sun dawo da yamma, sun dawo washegari. Gwangwanaye ba su huta ba, muryar babanku ma haka. Amma yanzu da batir ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙarƙashin rumfa yana shan wuta daga batirin mota, ni ce a zaune kusa da shi da yashina. Aikina ke nan har shinkafa ta yi ƙwari ta fi ƙarfin bakinsu. Gonakin da ke maƙwabtaka da mu ma sun sami sauƙi, har masu su suka riƙa kawo wa Bilki gasasshen kifi.

Ranar yankan shinkafa mutane sun taru. Wata dattijuwa daga cikin matan da ke sussuka ta zo ta tsuguna tana shafa fiffiken jirgin, ta ce, “Baiwar Allah, wannan daga wace ƙasa aka kawo shi?” Amsar da na saba bayarwa tana bakina, wato wani yaro ne a gidanmu. Na buɗe baki, sai na ji na ce, “Ba kawo shi aka yi ba. A tsakar gidana aka ƙera shi. Ɗana ne ya yi.”

Bilki ta saki baki. Babanku ya kama tari, ya juya yana gyara buhun da ba ya buƙatar gyara. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, amma ban janye maganar ba.

Shinkafa ta shigo gida. Na ware maka buhu guda, ba mai taɓa shi. Batiranka biyu na bar su rabi-rabi kamar yadda kake yi, suna cikin tukunya. Cajar tana rataye a sama, inda ko kogi ya sake zuwa sai dai ya gaishe ta daga ƙasa. In ka dawo ka duba ta. In na yi kuskure a zaɓin ka gaya mini, ba zan ji haushi ba. Amma ina jin ban yi ba.

Har yanzu hankalina ba ya kwanciya in na tuna manyan injinan da kake sa hannu a cikinsu. Ka riƙa bisimilla. Kada ka yi gaggawa. Ka ci abinci.

Allah ya tsare mini kai, ya tsare hannuwanka, ya sa duk abin da ka gyara ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Allah ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai na gari, ya dawo mana da kai cikin aminci. Amin.

Kowa a garin nan Innar Bilki yake ce mini, haka ma nake sa hannu a ko'ina. Yau dai ban da nan.

Wassalam,
Innarka.