A Saman Garinmu da Ruwa Ya Ci

Tsibirin Todzi, Tafkin Volta

Ɗana Seyram,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Akpene da jikata Kekeli. Ni dai ƙalau nake. Gwiwar nan da kake ta yi mini wa'azi a kanta ko ciwo ba ta yi ba.

Na san ranka ya ɓaci da ka je Ho ka tarar da gidana a kulle. Da na faɗa maka, da ka ɓoye mini jakar tafiyata. Ka ce mace mai shekara sittin da biyar ba ta goya jaka ta shiga duniya, har ka gyara mini ɗaki a gidanka na Tema. Na gode da ɗakin, amma akwai abin da zan gani tukuna.

Daga Dzemeni na shigo jirgin kasuwa, ni da awaki da buhunan gari. Waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na ba mai jirgi wannan takarda. Masaukina ɗakunan ƙasa ne da rufin ciyawa, mai shi kuwa Daavi Ablewa, wata gajeriya mai ƙarfi, ga baki. Da ta gan ni da jaka a baya sai ta riƙa leƙen bayana, wai tana neman Baturen da na ɗauko wa kaya. Na ce mata ai ni ce Baturen. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta kawo mini tuwon akple da gasasshen karfasa.

Wannan tsibiri shi ne kan tudun da ke bayan garinmu, wanda ruwa ya ci lokacin da aka tare kogi ina 'yar shekara biyar. Kabarin uwata yana can ƙasa. Ban san kamanninta ba, ba mu da ko hotonta. So nake in tsaya a samansa sau ɗaya kafin in mutu.

Ka gaida Akpene.
Mahaifiyarka,
Esinam

*

Seyram ɗana,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa tarin Kekeli ya tafi. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka tuna da hannuna na rubuta ta, wato ina raye.

Masunta duk sun ƙi kai ni wurin. Sun ce itatuwan garin suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kututturansu na fasa jirgi. Daavi Ablewa ta kira su matsorata a gaban matansu, ta ce ita za ta kai ni. Da safe muka shiga ƙaramin kwalekwalenta.

Ba abin da ke wurin, ɗana, sai ruwa da busassun rassa masu leƙowa. Na ɗauka zan yi kuka, ban yi ba. Na dai faɗa wa uwata sunana da naka da na Kekeli, na ce mata na yi koyarwa har na yi ritaya, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

A hanyar dawowa iska ta taso, ta buga mu a kan wani kututture. Katako ya tsage, ruwa ya fara shigowa. Na cire ɗankwalina na cusa a tsagar, na take shi da ƙafa, na ɗauki ƙwarya ina kwashe ruwa, ita tana tuƙi tana zagin masunta ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Mama, in muka nitse ɗanki zai sa a ɗaure gawata." Na ce mata, "In muka nitse ni gida na koma, ke ce baƙuwa. Tuƙa."

Mun iso gaɓa a jiƙe sharkaf, rabin tsibirin na tsaye suna kallo. Hannuwana sun yi tsami, amma rabon da in ci abinci irin na ranar tun rasuwar babanka.

Taka,
Esinam

*

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku. Takardarka ta iso, na ga faɗan da ke ciki, na kuma ga tsoron da ke ƙarƙashin faɗan. Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka ɓata kuɗin mota ranar Asabar, ba za ka same ni a nan ba. Maganar zama a Tema kuwa, mu ajiye ta sai ranar da na kasa ɗaura wa kaina takalmi.

Labarin kwalekwalenmu ya kai kunnen wani tsoho, Togbi Agbeko, wanda idonsa ya mutu. Ya sa aka jawo shi har masauki don ya ji wace mahaukaciya ce ta je can. Da na faɗi sunan babana sai ya ce in sake magana. Ya ce muryar uwata Afiwa ce sak, mai sayar da wainar abolo a bakin kogi. Ya ce doguwa ce mai wushirya, ba ta barin faɗa ya wuce ta, kuma tana ƙetare kogi da iyo in ta makara kasuwa. A nan ne kukan ya zo. Daavi ta kori kowa daga tsakar gida ta bar mu.

Kafin ya tafi ya tambaye ni labarin Yawa. Na ce wace ce Yawa? Ashe uwata tana da ƙanwa, wadda aka kwashe su da mijinta zuwa wajen Kete Krachi lokacin da aka kai mu kudu. Babana bai taɓa ambatonta ba. Togbi ya ce bara wani mai jirgi ya gan ta tana shanya kifi.

Jirgin arewa zai tashi jibi. Daavi ta soya mini ƙananan kifi na guzuri, tana ta mita wai zan bar ta da baƙi marasa hira. Shekara sittin ina zaton ni kaɗai na rage a dangin uwata. Zan je in tsaya a ƙofar matar nan in yi magana, in ga ko za ta gane muryar.

Ka shafa mini kan Kekeli. Allah ya tsare ku.
Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Esinam