Amin ɗin da na hana

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ina zaman Yamai? Yaya maigidanki da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi?

Yaya, raina a ɓace yake. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu na wajen Tebaram, suka kore awakin Inna, suka cinna wa rumbunmu wuta. Hatsin da ba za su ci ba, don me za su ƙona shi? Tsohuwa ta noma shi da hannunta! Yanzu tana nan Tawa wurina.

Ran Lahadi a majami'a fasto ya ce mu yi wa waɗanda suka yi mana haka addu'a. Na kame bakina. Sai na ji amin ɗin Inna ya fi na kowa ƙarfi. Da muka dawo gida na ce, "Inna, su fa suka bar ki da zane ɗaya!" Sai ta kwance bakin zanen. Ashe irin gero ta ƙullo lokacin da take gudu. Ta ce, "Sule, ba su ke riƙe da ruwan sama ba. In Ubangiji ya sako shi, shuka zan yi."

Har yau ban huce ba, amma na wasa mata kalmen noma.

Ki gaida maigida da yara. Ki roƙa mana damina, ni kuma ki roƙa mini bakin cewa amin.

Ƙanenki,
Sule