Bayanin da Ka Bari a Cikin Faifai

Zuwa ga Yayana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na rubuto ne in ba ka labarin gidan rediyonmu, in kuma kai ƙararka wurinka.

Ordinatar da ka bari, wato kwamfutar gidan rediyon, tana nan yadda ka san ta. Cikinta ya mutu tuntuni, ba ta tashi sai an soka mata kile ɗin nan naka na USB mai jan zare. Abin da ba ka taɓa gaya mini ba shi ne, tsarin da ke kan kilen ba ya riƙe komai. Duk abin da aka ɗauka yana ajiye shi ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai fa an ɗaura masa faifan waje da izinin rubutu. Ashe umarnin da kake ƙwanƙwasa mata ke nan kowace safiya bayan bisimilla, ni kuwa ina ganin iyayi ne kawai.

Sau nawa na ce ka rubuta mini a takarda? Kullum amsarka ɗaya: "Mi za ki yi da takarda? Komi na cikin faifai."

Ranar kasuwa wani dattijo, Malam Jaɓɓo, ya zo daga wajen Azagor neman cigiyar raƙumarsa mai ciki. Ya faɗi kamanninta da shaidar wuyanta da Fulatanci, yadda makiyaya za su gane, na ɗauki muryarsa a ordinatar, ya koma daji. Kafin in saka a iska wuta ta ɗauke. Da ta dawo, babu muryar babu alamarta. Ni ba na jin Fulatanci, shi ba shi da waya. Yaya, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na kira Hadiza, wadda kuka yi horo tare a Maradi. Ita ta bi da ni layi-layi a waya. Muka buɗe fayil ɗin da ake jera faifai a ciki, muka kira faifan da lambarsa ta dindindin don kada ya sauya suna, muka ba shi izinin rubutu, muka hana shi rubuta lokaci duk sa'ad da aka taɓa fayil, don sauti ya daina sarƙewa. Muka kuma keɓe wuri a kilen inda gyaran zai zauna ko an kashe.

Sati ya zagayo na tsaya bakin kasuwar dabbobi har Malam Jaɓɓo ya ɓullo. Bai yi faɗa ba, ya sake faɗa daga farko, na saka a iska. Kwana huɗu bayan haka aka kira daga Korahane. An samu raƙumar, har ta haihu.

A faifan akwai wani ɓangare da ban taɓa buɗewa ba. Da na ɗaura shi, fayil guda na tarar, da sunana a kai. Muryarka ce, kana tari, kana koya mini yadda ake ɗaura faifai. Wato ka kulle ɗaki ka bar makullin a ciki. Na yi dariya, sannan na yi kuka mai isata.

Wannan ɓangaren na sa shi karatu kawai. Ko ni ba zan iya goge shi ba, ko da kuskure.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanwarka da ta rubuta komai a takarda yanzu,
Rabi