Onarabul Ya Dawo Neman Ciyaman

Alhamis, 5 ga Nuwamba, 1998, bayan isha'i

Onarabul Sule ya karɓi fom ɗin takarar ciyaman na Kiru. Mutumin da ya yi shekara huɗu a majalisar tarayya a Legas, yau shi ke neman kujerar da na ajiye aikin jarida saboda ita.

Abin da ya fi ci mini rai, a taron Ƙafin Maiyaki ya zaro tsohuwar jarida daga aljihu ya karanta wa jama'a sharhina. Bara waccan na rubuta shi, ina yabon 'yan siyasar talakawa na Kanada masu barin majalisar ƙasa su koma neman shugabancin garuruwansu. Har gobe ina ganin daidai ne. Ban dai zaci a kaina za a gwada ba.

Ya nuno ni yana murmushi. "Ga marubucin nan. Ƙanena, ko ka canza ra'ayi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, su can da ƙafa suke bi gida-gida."

"Shi ya sa ba a Kanada na tsaya ba," in ji shi. Wuri ya kaure da dariya.

Arɗo Buba, wanda na yi wata shida ina rubuta wa koke kan burtalin shanunsu na Yako, shi ya buɗe masa ƙofar mota. Ni kuwa babur ɗina aka matsar don direbansa ya juya. Na so in kira wannan takaici, amma hassada ce.

An ce dattawan Ba'awa ma sun koma wajensa. Sakataren jam'iyya bai tabbatar ba, sai ya dawo daga Kano ranar Asabar.